Kafinta a Gaban Jarrabawar Tantance Mataki: Yadda Wani Magidanci Ya Koya wa Kansa Aljabara da Jometiri

Mutumin da wannan nazari ya shafa magidanci ne da ya haura shekara 30, kafinta mai aikin gine-gine a Amurka, wanda ya rabu da aji fiye da shekara 15 kafin ya yanke shawarar komawa karatu. Abin da yake nema shi ne shaidar karatun shekara biyu a fannin safiyo da zanen gine-gine a wata kwalejin al'umma, domin ya ga cewa hawan rufi ba sana'ar da mutum zai tsufa a kanta ba ce. Irin waɗannan kwalejoji ba su cika mayar da mai nema ba muddin yana da shaidar gama sakandare, amma karɓar mutum daban, barinsa ya zauna a ajin da yake so daban. Darussan safiyo suna bukatar a riga an ci aljabara ta matakin kwaleji, ita kuma ba a shigarta sai jarrabawar tantance mataki ta nuna cewa ɗalibi zai iya.

Jarrabawar da kwalejinsa take amfani da ita ita ce ACCUPLACER, wadda hukumar College Board take shiryawa. Sashen lissafinta kashi uku ne: na farko lissafin tushe, na biyu aljabara ta farko tare da ƙididdiga da ɗan jometiri, na uku aljabara mai zurfi. Kowane kashi tambaya 20 ne na zaɓen amsa, makin kuma yana tsakanin 200 da 300. A kwamfuta ake yin ta, kuma tana bin sawun mai amsawa: idan ya ci tambaya sai ta kawo wadda ta fi ta wuya, idan ya faɗi sai ta sassauta, kuma ba a komawa baya a gyara abin da aka riga aka amsa. Ba a shiga da kalkuleta, sai dai wadda take bayyana a fuskar kwamfutar a wasu tambayoyi kaɗai. Ba a cin wannan jarrabawa ko faɗuwa a cikinta kamar sauran jarrabawa, domin kowace kwaleji ita take yanke makin da zai kai ɗalibi wani aji, kuma ita take faɗin sau nawa za a iya maimaitawa.

Duk da haka akwai abin da mutum zai yi asara. Wanda makinsa ya yi ƙasa ana tura shi darussan cike giɓi, waɗanda ake biyan kuɗinsu kamar kowane darasi amma ba a lissafa su cikin abin da ake bukata don kammala karatu. A kwalejin wannan mutum irin waɗannan azuzuwa biyu ne a jere kafin a kai aljabarar kwaleji, wato zango biyu, shekarar karatu guda ke nan. Tallafin karatu na gwamnatin tarayya ba ya biyan fiye da kiredit 30 (ma'aunin nauyin darasi ke nan) na darussan cike giɓi, tallafin Pell kuma, wanda gwamnatin take ba ɗalibai masu ƙaramin ƙarfi, yana da iyaka ta zango 12 na cikakken karatu a tsawon rayuwar mutum. An daɗe ana jayayya a Amurka kan ko ya dace zama ɗaya a gaban kwamfuta ya yanke wa ɗalibi wannan hukunci. Jihar Florida ta yi doka a 2013 da ta ɗauke wa ɗalibai da yawa tilascin jarrabawar, kamfanin ACT ya daina tasa jarrabawar mai suna Compass a ƙarshen 2016, Kalifoniya kuma ta kafa dokar AB 705 a 2017, wadda ta sa kwalejoji su riƙa duba sakamakon sakandare wajen sanya ɗalibi a aji. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya amfani kafintan, saboda kwalejinsa ba ta karɓar sakamakon sakandaren da ya daɗe kamar nasa. Saura kimanin wata biyu da rabi a rufe rajista, ba shi da kuɗin ɗaukar malami, lokacin da yake da shi kuwa bai wuce awa ɗaya da asuba da wani ɓangare na ranar hutu ba.

Makonni ukun farko ya yi su ne yadda yawancin masu koyon kansu suke yi. Ya duba jerin batutuwan jarrabawar, ya zaɓi waɗanda sunayensu suka fi ba shi tsoro, ya shiga kallon darussan bidiyo na Khan Academy a kansu ɗaya bayan ɗaya. Ya kuma samo tsohon littafin jometiri na sakandare ya duƙufa a kan babin kafa hujja, inda ake rubuta dalili a gefen kowane mataki. Ya ji daɗin wannan zango ƙwarai, domin duk abin da mai koyarwa ya rubuta yana gane shi. Da ya zauna ya gwada tambayoyin gwaji da College Board take bayarwa kyauta, ba littafi ba bidiyo, sai ya ga ya faɗi fiye da rabin na kashi na biyu, wanda yake ɗauka ya riga ya wuce shi. Gani ba ci ba ne. Bin hannun wanda ya iya yana sa mutum ya zaci ya iya, kuma wanda ba shi da malami ba shi da mai gaya masa cewa zato ne kawai. Babin kafa hujja kuwa, duk da darajarsa, jarrabawar zaɓen amsa ba ta neman a rubuta shi.

Abin da ya sauya tafiyar abu ne mai sauƙi, kuma a ganina shi ne zuciyar wannan lamari. Maimakon ya duba amsar daidai ya ce ya gane ya wuce, sai ya ɗauki kowace tambaya da ya faɗi ya bi aikinsa layi bayan layi, har ya sa yatsa a kan layin farko da abu ya ɓaci. Da ya jera waɗannan layuka a takarda guda sai ya tarar cewa batutuwan da suke ba shi tsoro ba su ne suke kayar da shi ba. Kurakurai ƙalilan ne suke ta dawowa cikin tufafi daban-daban, kuma dukkansu na ƙasa ne da matakin da yake karantawa.

Na farko shi ne wanda ya fi ba shi mamaki, domin ya shafi lambobin ɓangare, irin su rabi da sulusi da rubu'i, waɗanda yake aiki da su kullum. Kafinta a Amurka da inci yake awo, kuma wannan mutum yana iya haɗa 3/8 da 1/4 ya ce 5/8 kafin mai kalkuleta ya gama dannawa. To amma tef ɗin awo rabi-rabi yake raba inci: biyu, huɗu, takwas, goma sha shida. Duk ɓangarorin da ya saba da su 'yan gida ɗaya ne, kowanne yana shiga cikin na gaba da shi ba saura, shi ya sa bai taɓa bukatar dokar da take bayansu ba. Da aka ce ya haɗa 1/3 da 1/5 sai ya haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ya rubuta 2/8. Amsar daidai 8/15 ce, domin sai an mayar da duka biyun kashi goma sha biyar tukuna, su zama 5/15 da 3/15. Abin lura a nan shi ne 2/8 rubu'i ne, rubu'i kuma bai kai sulusi ba, to ta yaya za a ƙara wa sulusi wani abu ya ragu? A wurin aiki ba zai taɓa yarda da irin wannan awo ba, ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a kan takarda ya saba ajiye wannan ido a gefe, kamar lissafin makaranta wata duniya ce da hankali ba ya aiki a cikinta. Kuma wannan giɓin shi ne ya bi shi har cikin aljabara, inda yake rubuta 1/x + 1/y = 2/(x + y), alhali daidai shi ne (x + y)/xy. Kuskure ɗaya ne, haruffa kawai aka sa a madadin lambobi.

Na biyu alamar ɗebewa ce a gaban baka. Idan ya ga 7 − (2x − 3) sai ya rubuta 4 − 2x, domin yana juya alamar abu na farko da ke cikin bakan ya manta da na biyu, amsar kuwa 10 − 2x ce. Danginsa su ne rikita −3² da (−3)², na farko −9 na biyu 9, da mantawa da juya alamar fifiko idan an raba da lambar da take ƙasa da sifili, alhali daidai shi ne −2x > 6 ta zama x < −3. Na uku shi ne rubuta (x + 3)² a matsayin x² + 9. Wannan bai bar shi ba sai da ya zana shi: fili murabba'i mai tsawon x + 3 a kowane gefe, wanda idan aka yanka shi za a sami babban murabba'i x², da ƙaramin murabba'i 9, da dogayen yanka biyu masu 3x kowanne. Waɗannan yanka biyun su ne 6x ɗin da yake zubarwa. Mutumin da ya shekara yana shimfiɗa katako a daɓe ba ya manta yanka biyu da ya gani da idonsa, kuma daga ranar bai sake wannan kuskure ba.

Na huɗu ya fi sauran wuyar magani, shi ne mayar da zance lissafi. Idan aka ce katako mai inci 96 za a yanka biyu, ɗaya ya fi ninkin ɗayan da inci 12, yana iya lalubo amsar da gwaji, 28 da 68, amma ba ya iya rubuta x + (2x + 12) = 96. Lalube yana aiki idan lambobin ƙanana ne kuma cikakku, yana kuma watsewa da zarar jarrabawar ta ga ya ci ta kawo masu wuya. Dokar da ya kafa wa kansa ita ce kada ya taɓa lissafi sai ya rubuta da kalmomi abin da x yake wakilta, da ma'auninsa, inci ne ko awa ko dala. Wannan ya rage masa sauri a farko, amma tunda kwalejin ba ta ƙayyade lokacin zama ba, saurin ba shi ne abin nema ba.

Bisa wannan bincike ya sake tsarin karatunsa gaba ɗaya. Ya koma baya har zuwa lissafin share fagen aljabara, ya yi amfani da littattafan OpenStax, waɗanda Jami'ar Rice take wallafawa kyauta tun 2012, saboda suna da misalan da aka warware da tarin tambayoyi da amsoshi. Komawa bayan ya yi masa nauyi, domin ba ƙaramin abu ba ne magidanci mai 'ya'ya ya zauna yana haɗa sulusi da humusi, amma mako biyu kawai ya ci, kuma bayansa babukan aljabara sun riƙa tafiya da sauri fiye da da. Bidiyo bai daina ba, sai dai ya rage masa matsayi: ba ya buɗe shi sai tambaya ta gagare shi, idan ya gama kallo kuma sai ya rufe ya sake warware misalin da kansa a farar takarda. Kalkuleta ya ajiye ta sai inda lambobin suka yi yawa. Ya kuma buɗe littafin kurakurai, kowane shafi da tambayar, da layin da ya ɓaci, da dalilin a jimla ɗaya, kuma kowace safiya da tambayoyi biyu ko uku daga tsofaffin shafuka yake farawa.

Akwai wani gyara da ya zo daga baya wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Littafin karatu yana jera tambayoyi iri ɗaya a ƙarshen kowane babi, saboda haka ɗalibi ya san dabarar da zai yi amfani da ita tun kafin ya karanta tambayar. Jarrabawa ba ta yin wannan alfarma, tana iya kawo da'ira yanzu, ta bi ta da kashi cikin ɗari, ta bi ta da layi a kan jadawali. Rabin aikin shi ne gane irin tambayar. Doug Rohrer da Kelli Taylor sun gwada wannan a binciken da suka wallafa a 2007, inda ɗaliban jami'a suka koyi lissafa yawan abin da cikin wasu siffofi huɗu zai ɗauka. Waɗanda suka yi atisaye a jere, iri bayan iri, sun fi ƙoƙari a lokacin atisayen, amma da aka gwada su bayan mako guda sai suka ci kashi 20 cikin 100, waɗanda aka cakuɗa wa tambayoyi kuma suka ci kashi 63. Kafintan ya rubuta tambayoyi daga babuka daban-daban a ƙananan katuna, yana gauraya su yana zaro goma a ranar hutu. Makinsa na atisaye ya faɗi a makon farko, abin da yake sa mutane da yawa su watsar da wannan hanya, amma ya daure, domin ya gane cewa makin da ya faɗi shi ne na gaskiya.

Jometiri bai ci masa lokaci kamar yadda ya zata ba, saboda yawancinsa ya riga ya sani da hannu, suna kawai ya rasa. Duk kafinta ya san cewa idan aka auna ƙafa 3 a gefe ɗaya, 4 a ɗayan, aka sami 5 a tsakaninsu, kusurwar ta miƙe daidai. Bai san cewa wannan ɗaya ne daga misalan ka'idar Faisagoras ba, a² + b² = c², wadda take ba shi tsawon katakon rufi mai tafiyar ƙafa 12 da tashin ƙafa 5 ba tare da ya hau ya auna ba, wato 13. Haka nan karkatar layi a kan jadawali, wadda take wahalar da ɗalibai da yawa, shi a wurinsa karkatar rufi ce: rufin da yake tashi inci 6 a kowane inci 12 karkatarsa rabi ce, layin da ya ratsa (2, 1) da (8, 4) ma ya tashi 3 ya tafi 6, rabi ke nan. Alwatika masu kama da juna ma ya kama su nan take ta hanyar inuwa: idan sanda mai ƙafa 6 ta yi inuwar ƙafa 4, turken da inuwarsa ta kai 20 tsayinsa 30 ne.

Inda ya yi tuntuɓe wurare biyu ne. Yana rikita kewayen da'ira da filinta, 2πr da πr², inda r take nufin tsawo daga tsakiya zuwa baki, π kuma lamba ce kusan 3.14, har sai da ya riƙa duba ma'auni: kewaye tsawo ne, r ɗaya yake ɗauka, fili kuwa tsawo sau tsawo ne, dole r ta zo sau biyu. Da'ira mai ƙafa 5 daga tsakiya zuwa baki kewayenta kusan 31.4 ne, filinta kusan 78.5. Na biyu shi ne zaton cewa idan aka ninka gefen siffa sau biyu, filinta ma sau biyu zai ninku, alhali sau 4 ne, cikinta kuma sau 8. Abin da ya warware masa wannan wani abu ne da ya haddace tun yana yaron aiki ba tare da ya tambayi dalili ba, cewa yadi ɗaya ƙafa 3 ne, amma yadin fili ƙafa 9 ne, yadin kankare kuma ƙafa 27.

Saura mako biyu sai ya fuskanci zaɓin da nake ganin shi ne mafi muhimmanci bayan binciken kurakurai. Kashi na uku na jarrabawar yana ɗauke da logaridim da lissafin kusurwoyin alwatika, wanda ya samu maki mai yawa a nan kuma yana iya tsallake aljabarar kwaleji ma, ya faɗa ajin share fagen kalkulas. Yana iya haddace dokoki biyar ko shida ya yi fatan su fito, tunda zaɓen amsa ne kuma ana iya dacewa. Bai yi haka ba, kuma ina ganin ya yi daidai. Jarrabawar tantance mataki ba gasa ba ce, wanda ya yaudare ta ya hau ajin da ya fi ƙarfinsa zai biya kuɗin darasin, ya sha wahalar zango guda, ya fita da sakamakon da zai zauna a takardarsa, alhali makin tantancewa ba ya shiga matsakaicin makin ɗalibi. Ya kashe makonni biyun a kan rarraba lissafi zuwa abubuwan da aka ninka, da warware lissafi mai x², da lissafi biyu masu haruffa biyu da ake warwarewa tare, waɗanda su ne ajin da yake nema zai ɗauka cewa ya iya tun ranar farko.

Ranar jarrabawa tambayoyin sun riƙa yi masa tsauri tun daga tsakiya, abin da da zai firgita shi in da bai san cewa hakan alama ce ta yana ci ba. Ya yi amfani da takardar gwaji da aka ba shi a kowace tambaya, kuma kafin ya danna amsa yana mayar da ita cikin tambayar ya ga ko ta zauna, tunda ba dama a dawo. Makinsa na kashi na biyu ya wuce abin da kwalejin ta yanke, aka buɗe masa na uku, inda ya samu abin da ya isa aljabarar kwaleji amma bai kai share fagen kalkulas ba. Azuzuwan cike giɓi biyun sun faɗi daga kansa. An gaya masa yana da damar maimaitawa sau ɗaya, bai karɓa ba.

Akwai abin da wannan lamari bai nuna ba, kuma ya kamata a faɗe shi don kada a ɗora masa abin da ba zai ɗauka ba. Mutumin ya taɓa koyon aljabara a sakandare, ko da ya manta, kuma sana'arsa ta riƙe masa awo da siffofi tsawon shekaru. Wanda bai taɓa ganin x ba, ko wanda ninkawa da rabawa suke yi masa wuya, wata biyu da rabi ba za su ishe shi ba, kuma a wurinsa ajin cike giɓi, ko ajin kwaleji da ake haɗawa da ƙarin awannin taimako kamar yadda kwalejoji da yawa suke yi yanzu, ya fi zaman kaɗaici da littafi. Shi kansa kafintan bai shiga aji a shirye ta kowace fuska ba. Rubutun f(x), wato sakamakon da dokar lissafi mai suna f take bayarwa idan an ba ta x, yana ci gaba da rikita shi, yana karanta shi kamar f ce aka ninka da x, kuma da wannan batu darasin ya buɗe a makonninsa na farko. A nan ya fara zuwa cibiyar taimakon ɗalibai ta kwalejin, wadda rajistarsa ta ba shi damar shiga ba tare da ƙarin kuɗi ba, yana kai wa mai koyarwa littafin kurakuransa domin a fara daga layin da abu ya ɓaci.